Muhawara: Zanen matan Zuni, adana al'ada ne ko tallata ta ga baƙi?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. 'Yan uwa, ina so in ajiye wata magana a gabanku ku auna ta, domin ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya. Zuni wata al'umma ce daga cikin 'yan asalin Amurka, mazauna yammacin jihar New Mexico, kudu da garin Gallup. Suna kiran kansu A:shiwi, yawansu ya kai kimanin 10,000, kuma harshensu ba a san shi da dangi ba a cikin harsunan duniya. Ana yawan yabon matansu masu zane da cewa su ne suka riƙe al'adar garin, saboda suna zana masu rawa, da mata ɗauke da tuluna, da alamomin ruwan sama, aikin nasu kuma yana shiga kasuwannin Santa Fe da gidajen tarihi. Ni kam ban gamsu da wannan yabo ba. A ganina, zana al'ada a takarda ko a ƙyalle domin a rataye ta a bangon baƙo tallata ta ne, kuma kasuwar Turawa ce ta haifi sana'ar tun farko. Hujjata ita ce, a 1932 wata Baturiya mai suna Dorothy Dunn ta buɗe ajin zane a makarantar 'yan asalin ƙasa da ke Santa Fe, inda aka horar da yara daga ƙabilu daban-daban su riƙa zana raye-rayen garuruwansu da shimfiɗaɗɗen launi, ba inuwa, ba nisa da kusa, bayan hoton kuma fayau, aka ce musu wannan shi ne zanen kakanninsu. Abin da malama daga waje ta tsara, mai saye daga waje ya biya, ta yaya za a kira shi adana al'ada?

Hajiya Balaraba:
Wa'alaikumus salam. Malam Habibu, ka yi tuya ka manta da albasa. Ka fara lissafinka daga 1932 kamar a shekarar ce macen Zuni ta fara riƙe abin zane, alhali kuwa ta shekara ɗaruruwa tana zane kafin a haifi kakar Dorothy Dunn, sai dai a jikin tulu take yinsa. Na yi karatu a Albuquerque, na kuma tsaya gaban waɗannan tuluna a Santa Fe har ƙafata ta gaji, don haka bari in faɗa maka yadda aikin yake. Maginiya takan haƙo yumɓu, ta niƙa tsingaron tsofaffin tukwane ta cuɗa a ciki domin kada sabon ya tsage a wuta, ta gina tulun da hannu zobe bisa zobe, ta shafe shi da farar ƙasa, ta goge da santsin dutse. Abin zanenta ganyen wani tsiro ne da ake kira yuka, wanda takan tauna bakinsa har ya zama zare-zare. Baƙin launin dutse ne niƙaƙƙe da aka haɗa da ruwan dafaffen ganye, jan kuma daga ƙasa yake fitowa. Da wannan take zana barewa tsaye a cikin wani ɗan baka da suke kira gidanta, da jan layi da ya taso daga bakinta ya ƙare a zuciyarta kamar kan kibiya, da tsuntsun ruwan sama mai lanƙwasasshen baki, da kwaɗi da talibambam a kan kwanukan garin masara na addu'a. A wuyan tulun akwai layi da yake zagayawa, amma da gangan ba ta haɗe bakinsa, takan bar 'yar kafa.

Ba ta zana komai a takarda tukuna ta kwafa. Tulun mai ƙugu ne, zanen kuma dole ya zagayo ya tarar da kansa daidai, duk da ido da yatsu take aunawa. A 1924 wata mai bincike, Ruth Bunzel, ta zauna da waɗannan mata tana tambayarsu, aka buga sakamakon a 1929, kuma a ciki ta ruwaito cewa wasunsu a mafarki suke ganin zanen kafin su tashi su yi shi. Ƙasarsu ta fari ce, noman masararsu ya dogara da ɗan ruwan da ya sauka, saboda haka gajimare da kwaɗo da gashin tsuntsu a jikin tulun ruwa roƙon ruwa ne. Idan macen da ta gāji wannan ta ɗauki takarda, wurin zanen ne ya sauya, hannun da idon na gida ne.

Nafi'u:
Hajiya, a gafarce ni, ni ƙarami ne a cikinku, amma ina ganin tulun nan da kika kawo yana iya zama shaida ga Malam Habibu. A 1879 tawagar James Stevenson da matarsa Matilda, tare da Frank Hamilton Cushing, ta isa Zuni da sunan cibiyar bincike da adana kayan tarihi ta Smithsonian, kuma a 'yan shekarun da suka biyo baya an kwashe dubban tukwane da sauran kayayyaki zuwa Washington. Daga nan bokitin ƙarfe da kwanon kanti suka shigo gidaje, buƙatar tulu ta ragu, mai sayen da ya rage kuwa baƙo ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a shekarun 1920 da 1930 masu tara kayan tarihi a Santa Fe sun matsa wajen neman tukwanen ibada, sai ga wasu tukwane sun fara fitowa daga Zuni masu siffofi na ban mamaki, an tsufar da su da gangan, ana sayarwa a matsayin kayan ibada na sirri. Gidajen tarihi sun saye su da murna, sai bayan shekaru, lokacin da dattawan Zuni da kansu suka duba su, aka tabbatar ba su da wani aiki a cikin ibadar garin. Wannan ba ya nuna cewa abin da mai saye yake so shi hannu yake ƙerawa?

Dakta Sa'adatu:
Nafi'u, tambayarka tana da nauyi, amma ka dubi ɗaya fuskarta. Wanda ya sayar wa baƙo tukunyar ibada ta bogi, ta gaskiyar tana nan a ɗaka ba a taɓa ta ba. Ban ce da wannan niyya aka yi ba, domin talauci ma dalili ne isasshe, amma sakamakon ke nan.

Ina so in koma kan takarda, domin a nan Malam Habibu ya kafa hujjarsa. Ya kamata mu tuna halin da ake ciki a lokacin. A 1921 kwamishinan kula da harkokin 'yan asalin ƙasa, Charles Burke, ya fitar da takardar umarni mai lamba 1665 wadda ta nemi a taƙaita raye-rayen ibada, ya ƙara tsananta ta a 1923, kuma a makarantun kwana na gwamnati ana aske wa yara gashi, ana hukunta su idan sun yi magana da harshensu. A irin wannan yanayi yarinyar da ta zauna ta zana rawar masara ta garinsu, ta sa kowane gashin tsuntsu a inda yake, kowace ɗamara da launinta, tana cewa abin nan yana da daraja ne a daidai lokacin da hukuma take cewa jahilci ne. Tonita Peña, wadda aka haifa a San Ildefonso a 1893 ta rayu a Cochiti har rasuwarta a 1949, ta fara wannan aiki tun kafin a buɗe ajin Dunn, kuma ita kaɗai ce mace a cikin masu zanen takarda na farko a yankinsu. Mutanen garinta sun yi ƙorafi cewa tana sayar da abin da bai kamata ba, mijinta Epitacio Arquero, wanda ya yi gwamnan Cochiti, ya kare ta da cewa raye-rayen da take zanawa waɗanda ake yi ne a dandali, kowane baƙo yana iya tsayawa ya kalla. Pablita Velarde ta Santa Clara, 1918 zuwa 2006, ta fito daga ajin Dunn, ta sha gori a gida cewa zane aikin maza ne, aka ce ta koma ta gina tukwane. Daga 1939 hukumar wurin tarihi na Bandelier ta ɗauke ta ta zana rayuwar yau da kullum ta mutanenta, ta yi zane fiye da 70, daga niƙan masara zuwa zaman majalisa, daga baya ta koma niƙa duwatsu da ƙasa da hannunta tana haɗa launi. A 1954 gwamnatin Faransa ta ba ta lambar girmamawa. Yau jikokin waɗanda suka yi mata gori suna duba zanenta su ga yadda ake ɗaura tufa a zamanin kakanninsu.

Malam Habibu:
Dakta, na gode da wannan bayani, amma kin bar Zuni kin tafi gabar kogin Rio Grande. San Ildefonso da Cochiti da Santa Clara garuruwa ne dabam, harsunansu dabam da na Zuni, kuma suna kusa da Santa Fe inda masu kuɗi da masu zanen Turawa suka taru. Zuni tana can yamma, kusa da iyakar Arizona. Idan har sai an aro matan wasu garuruwa kafin a kare matan Zuni, ashe ke nan maganata ta tsaya. Sannan labarin Tonita Peña da kika kawo ya nuna cewa mutanen gari da kansu sun ga abin da na gani, tunda ba Bahaushe ne ya fara cewa ana sayar da al'ada ba, maƙwabtanta ne suka faɗa. Lambar girmamawa daga Faransa kuwa, da izininki, ita ce ainihin abin da nake nufi: daga waje ake tafa mata.

Hajiya Balaraba:
Gaskiyarka ce, Malam, a dawo Zuni, domin a nan ne gizo yake saƙa. Akwai dalilin da ya sa sunayen maza suka fi yawa a zanen takarda na garin, kuma dalilin yana cikin tsarin garin kansa. A Zuni gida na mace ne, dangantaka ta wajen uwa ake binta, miji shi yake tarewa a gidan matarsa. Amma ƙungiyar Kokko, wato masu rawa da rufaffiyar fuska waɗanda suke wakiltar ruhohin da ke kawo ruwa da albarka, ta maza ce, tun suna yara ake shigar da su ta ɗakunan ibada shida da ake kira kiva, har Kokko mata ma maza ne suke fitowa da siffarsu. To abin da baƙo ya fi so ya saya shi ne hoton Kokko, musamman Shalako, dogayen nan masu baki kamar na tsuntsu da suke shigowa gari a ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba su sa wa sababbin gidaje albarka. Babban zanen Kokko da aka fi sani a garin yana jikin bangon tsohon cocin da Sifaniyawa suka kafa a 1629, kuma namiji ne ya yi shi, Alex Seowtewa, ya fara a 1970, 'ya'yansa maza suka taya shi shekara da shekaru.

Me ya rage wa mace? Abin da yake hannunta: tulu da gammo, tanderun burodi na ƙasa a ƙofar gida, ƙananan lambunan nan da ake yanka su murabba'i murabba'i da ɗan tudu kewaye da kowane domin ruwa ya kwanta, dutsen niƙa, da tudun Dowa Yalanne da yake kallon garin, inda mutanen garin suka fake bayan boren da aka yi wa Sifaniyawa a 1680. Ko da ginin tukwane ya kusa mutuwa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, mata ne suka tashe shi a makarantar sakandaren garin, Daisy Hooee, jikar shahararriyar maginiyar nan Nampeyo, sannan Jennie Laate, dukansu aure ne ya kawo su Zuni, ta farko daga ƙabilar Hopi, ta biyu daga garin Acoma. Josephine Nahohai ta koma tana nazarin tsofaffin tukwanen da ke gidajen tarihi domin ta dawo da zanen da aka manta, ta koya wa iyalinta. Nafi'u, ka lura, tukwanen da aka kwashe ɗin nan su ne daga baya suka zama allon karatu. Wannan bai wanke masu kwasar ba, amma haka abin ya kasance. Idan akwai wanda ya fi kusa da zargin fitar da sirri, ba macen da ta zana 'yar uwarta da tulu a ka ba ce.

Malam Isiyaku:
Ina bin ku tun farko ban ce komai ba, amma akwai abin da nake ganin ya kamata a sa a sikeli. Muna magana kamar mutanen Zuni ba su san bambancin abin sayarwa da abin ɓoyewa ba, sai mu ne za mu koya musu, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1923 an ɗauki fim ɗin bikin Shalako domin wani gidan tarihi na New York, abin ya ɓata wa mutane da yawa rai, kuma har yau haramun ne baƙo ya ɗauki hoto, ko ya naɗi murya, ko ya zauna ya zana bikin ibada a garin. Daga 1978 suka tashi tsaye neman a dawo musu da Ahayu:da, sassaƙen itace na tagwayen masu tsaron garin, waɗanda aka sace daga wuraren ibada aka sayar. Hujjarsu ita ce ba mallakar mutum ɗaya ba ne, don haka babu wanda yake da ikon sayarwa, kuma an yi su ne domin su ruɓe a sarari, rana da ruwa su cinye su. Gidan tarihin zane na Denver ya mayar a 1980, Smithsonian a 1987, tun kafin dokar 1990 da ta tilasta mayar da irin waɗannan kaya. Mutanen da suka bi gidajen tarihi ɗaya bayan ɗaya a kan guntun itace, Malam Habibu, kana ganin za su zuba ido 'ya'yansu mata su sayar da abin da bai kamata ba?

Dakta Sa'adatu:
Malam Habibu ya ce in kawo macen Zuni, ga ta. Mallery Quetawki 'yar garin ce, ta karanta ilimin halittu a Jami'ar New Mexico, kuma ta yi aikin zane tare da masu binciken lafiyar muhalli na jami'ar. Yankin nasu cike yake da tsofaffin ramukan haƙar yuraniyom, wani ƙarfe mai guba, fiye da 500 aka yi watsi da su a ƙasar ƙabilar Navajo kaɗai, ga kuma babban ramin Jackpile a ƙasar mutanen Laguna. Likitoci suna so su bayyana wa dattawan da ba su yi boko mai zurfi ba yadda gubar ƙarfe take lalata ƙwayoyin gado na jiki, da yadda jiki yake gyara kansa, amma zane-zanen littafin kimiyya ba sa shiga. Sai ta zana gyaran ƙwayar gado kamar yadda ake sake shirya duwatsun ado da zarensu ya tsinke, abin da duk macen da ta taɓa riƙe allura a yankin ta sani, ta zana garkuwar jiki da dabbobin da mutanen suke ɗauka masu kariya. Waɗannan zane ana kai su tarukan al'umma ne. Wane Bature aka yi wa tallar?

Ta kuma shiga aikin taswira na gidan tarihin garin, A:shiwi A:wan, lokacin da Jim Enote yake shugabantarsa. An nemi masu zane na Zuni su zana ƙasarsu yadda waƙoƙi da labaran hijira suka san ta, tun daga kwazazzabon Grand Canyon inda suka ce daga nan suka fito duniya, kuma dattawa masu ba da shawara ne suka zauna suka tantance abin da zai shiga hoto da abin da za a bari. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 ita ce ta yi zanen da Google ya sa a shafinsa na farko domin tunawa da We:wa, gwanin saƙa da ginin tukwane, wanda aka haifa namiji ya rayu yana sana'o'in mata bisa tanadin al'adarsu, ya je Washington a 1886 har ya gana da shugaba Grover Cleveland. Wannan na ƙarshe kam ga duniya aka yi shi, ban musa ba.

Malam Habibu:
Dakta, na sauke rabin kayana. Zanen da aka yi domin a fahimtar da tsohuwa abin da yake cikin ruwan rijiyarta ba talla ba ne, kuma taswirar da dattawa suka tace kafin a rataye ta ba zan iya cewa kasuwa ce ta tsara ta ba. Na kuma karɓi gyaran Hajiya cewa na fara lissafi daga inda bai dace ba. Amma ɗaya rabin yana nan a kaina. Yawancin gidajen Zuni da sana'ar hannu suke ci, azurfa da shuɗin dutse, sassaƙen ƙananan dabbobi, tukwane da zane, kuma mai saye ba ya neman hoton matashiya a cikin mota ko layin masu jiran magani a asibiti, barewa yake nema da tulu. Idan shekara hamsin ana biyan mace kuɗi ta zana tulu ba a biyanta ta zana famfo, hoton garin da zai rage a bango zai zama na garin da ya tsaya cak a zamanin kakanni, kuma wannan ma wata irin ɓarna ce ko da ba a fitar da sirri ko ɗaya ba. Tun 1958 Oscar Howe, mai zane daga ƙabilar Dakota, ya rubuta wa gidan tarihin Philbrook wasiƙar ƙorafi da suka ƙi zanensa da cewa bai yi kama da na gargajiya ba. Malam Isiyaku ya nuna cewa Zuni suna da iko a kan abin da ba za a zana ba. Ikonsu a kan abin da za a saya fa?

Hajiya Balaraba:
Wannan tambayar ta fi ta farko, Malam, kuma a kanta ba zan yi maka gardama mai tsawo ba, domin na ga yadda baƙi suke wuce sabon salo a kasuwar watan Agusta ta Santa Fe su tsaya gaban barewa mai jan layi. Abin da zan ƙara kawai shi ne, tulun bai zama tarihi a Zuni ba tukuna. Har yanzu akwai ƙungiyar mata da suke fita rawa da waƙa da tuluna a ka, ba sa riƙewa da hannu, kuma kwanon garin masara mai kwaɗi yana nan a gidaje ana amfani da shi. Macen da ta zana waɗannan, abin da ta gani a bara ta zana. Nafi'u, kai da ka kawo maganar tukwanen bogi, ka duba mana hotunan na Santa Fe ɗin idan ka samu, ina so in ga ko masu yinsu sun bar kafar nan a layin wuya ko sun haɗe ta.